Ruwan Sanyi a Jikin Tsohuwa

Abin da ya fara tarbata a Indiya iska ce. Muna fitowa daga filin jirgi na ji kamar an jiƙa bargo da ruwan ɗumi an lulluɓa mini. Ni mutumin Tudun Wada ne, na san zafi, amma zafin garinmu mai mutunci ne: ka yi gumi, ka shiga inuwa, ya bushe ka ji daɗi. Na wannan gari na bakin teku kuwa gumin zama yake yi a jikinka tun safe har yamma, babu inda za shi.

Mu biyu aka turo daga yankinmu mu yi kwas na shekara ɗaya kan aikin sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata. Ni Nasiru, sai Julde, Bafulatanin Doguwa. Tun muna yara na san shi, don mahaifinsa ne ke kawo shanu gonarmu bayan an cire amfani, su ci kara su bar mana taki. A makarantar koyon aikin jinya ni nake zuwa na ɗaya, Julde kuwa littafina yake aro ya kwafa. Takardar neman kwas ɗin nan ma ni na gyara masa Turancinta. Na faɗi wannan ne don a san yadda na ɗauke shi ranar da muka sauka: ɗan rakiya.

Ejan ɗin da ya yi mana alkawarin masauki ya ba mu lambar waya da adireshi. Lambar a kashe take. Adireshin kuwa da mai keke-napep ya kai mu, bayan ya zaga da mu gari sau biyu da gangan, shagon sayar da tayoyi muka tarar. Muka tsaya a bakin titi da akwatuna, ruwan sama na zuba, ni ina ta zagin ejan da Hausa, Julde yana ta gaishe da masu wucewa kamar a kasuwar Bebeji yake. Gaisuwar tasa ce ta jawo wata tsohuwa mai sayar da furanni. Ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata, amma ta dube mu ta dubi akwatunan, ta yafito mu. Tana da ɗaki a saman gidanta, a nan muka yi shekarar. Iya muke ce mata, ita kuma tana amsawa.

Satin farko ɗakin ya koya mana abin da ake nufi da laima. Muka wanke kaya muka shanya, kwana uku suna nan a jiƙe suna wari. Kilishin da matata ta ƙunsa mini ya yi fumfuna, takalmina na sallah ya fito da wani koren gashi. Ranar da na zubar da kilishin na zauna a bakin gado na yi kewar gida har idona ya kawo ruwa. Iya ce ta hau da shinkafa da miyar wake a kwanon silba, ta kwashe shanyar ta mayar ƙarƙashin fanka, ta nuna mana da hannu cewa sai iska na kaɗawa kaya ke bushewa a nan.

Julde ba ya shan ruwan firji, wai yana sa shi tari. Ya je kasuwa ya sayo tulu na ƙasa ya cika ya ajiye a bakin taga. Washegari ya sha ya yamutsa fuska.

"Malam Nasiru, tulun nan ba ya sanyi."

"An cuce ka ne," na ce. "Sun ga ɗan ruga sun sayar masa da na banza."

Ya shafa jikin tulun, ya dubi tafin hannunsa. "A'a, tulun yana tsatsafa yadda ya kamata. Ga shi a jiƙe. Bushewa ce ba ya yi."

Na yi dariya na koma kan littafina. Ni ma na sha ruwan, ni ma na ji shi da ɗumi, amma ban ga abin tunani a ciki ba.

Malamar da ke koya mana sashen zafi da laima babbar likita ce, 'yar gajeriya mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Ba ta yabo da arha. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, daga ƙasashe daban-daban, kuma tun makon farko na kafa kaina a kujerar gaba. Wata rana ta tambaya me ya sa iskar da ke fitowa daga tukunyar oksijin take cutar da huhu idan an daɗe ana ba mutum. Na miƙe na zuba mata: iskar busasshiya ce ƙayau kuma da sanyi. Hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, mu kuma idan muka zura bututu a maƙogwaro mun tsallake hancin, sai majina ta kafe ta toshe hanya, jiki kuma ya yi ta asarar ruwa da zafi. Har adadin ruwan da lita ɗaya ta iska ke ɗauka a zafin jikin mutum na faɗa mata, miligiram arba'in da huɗu. Ta ce, "Daidai." Ta wuce.

Sai ta ɗora hannu a kan gwangwanin da ake zuba maganin barci, wanda ke mayar da shi tururi majiyyaci ya shaƙa. Ta ce me ya sa ruwan maganin yake yin sanyi idan ana aiki da shi, har aka yi gwangwanin da ƙarfe mai kauri? Na sake miƙewa na karanto ma'anar da ke littafi, kalma bayan kalma. Ta ce ta ji littafi, tana son wanda zai gaya mata yadda kakarsa za ta gane.

Can baya Julde ya ɗaga hannu. Da Turancinsa mai karkacewa, wanda ni kaina sai da na sunkuyar da kai don kunya, ya ce a garinsu ana zuba ruwa a tulu. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin tulun, iska ta kwashe shi, kuma duk ɗigon da ya tashi yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Ya ce ya sayi tulu a nan bai yi sanyi ba, domin iskar garin nan ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin ɗaukar wani. Maganin barci ma haka, idan yana tashi yana tafiya da zafinsa, idan kuma ya yi sanyi sai tururin ya ragu.

Madam ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce ya maimaita da ƙarfi. Sannan ta juyo ta ce mana duk majiyyacin da aka buɗe cikinsa a ɗakin da esi ke hura sanyi, tulun Julde ne a garinsu: a jiƙe yake, iska busasshiya na kaɗawa a kansa, ga magani ya hana shi rawar sanyi balle ya ja mayafi.

Daga ranar nan sunan Julde ya zauna a bakinta. Ni kuwa wani abu ya zauna mini a ƙirji. Ba zan yi masa ado ba, hassada ce. Abin da ya fi ƙona mini rai, tulun a ɗakina yake, kullum ina tsallake shi in ɗauki buta.

Da muka fara shiga tiyata abin ya ƙaru. Ni ina kallon allo ina rubuta lambobi ba kuskure. Julde kuwa sai ya taɓa goshin majiyyaci, ya rufe kafaɗar da aka manta, ya naɗe kan tsoho da tawul. Ya ce haka suke yi wa ɗan maraƙin da aka haifa da damina, ba a barinsa a jiƙe. Nas-nas ɗin asibitin suka riƙa ajiye masa shayi. Ni sai dai su ce mini sannu.

A gida ma ban tsira ba. Na kira mahaifiyata ranar Juma'a, bayan gaisuwa ta ce, "Jiya na haɗu da innar Julde a gidan suna a Kiru. Wai turawan can sun ce ba su taɓa ganin mai kai irinsa ba. Kai fa, ba ka ce mana komai ba."

"Inna, ba turawa ba ne, Indiyawa ne."

"To su ɗin. Ka riƙa zama kusa da shi kana koya."

Na ajiye wayar. Julde na gefe yana yanka albasa, ya tambaye ni ya mutanen gida. Na ce lafiya lau, ban ko dube shi ba.

Saura wata biyu mu gama Madam ta sanar cewa za ta riƙe mutum ɗaya daga ajin ya ƙara wata shida a ɓangaren tiyatar jarirai. Duk wanda ya samu, in ya koma gida babban asibiti za a kai shi, ba na ƙaramar hukuma ba. Kowa ya san tsakanina da Julde ne. A rubuce na fi shi nesa ba kusa ba. Amma ta ce za ta ba kowa rana guda ya jagoranci shiri a ɗakin tiyata, ya duba kayan aiki ya sa hannu, daga nan za ta yanke. Ranata ta wuce lafiya, babu yabo babu faɗa.

Ranar Julde ni aka sa in taimaka masa, in miƙo ledojin ruwa in rubuta lambobi. Majiyyaciyar wata tsohuwa ce siririya, za a yanke mata wani sashe na hanji, aiki mai tsawo. Julde ya zo da sassafe ya duba komai. Ya sa matacin da ke riƙe ɗumi da danshin numfashi a bakin bututu, ya shimfiɗa bargon iska mai ɗumi, ya ratsa layin ƙarin ruwa ta cikin ɗan akwatin da ke ɗumama ruwa kafin ya shiga jijiya. Ya kunna, koriyar fitila ta kama, ya sa hannu a takarda.

Bayan an fara aka tura sandar ƙarin ruwan gefe don likitan fiɗa ya samu wurin tsayawa, fuskar akwatin ta koma wajen bango. Can birona ya faɗi. Na sunkuya in ɗauka sai na ga filogin akwatin ya zame daga soket, yana reto. Fitilar a mace take.

Hannuna bai fi taƙi ɗaya da filogin ba. Na ɗauki biro na miƙe.

Na tuna abin da na gaya wa kaina, kuma tunani ne irin na mutanenmu. Mu zafi muke tsoro. A asibitin da na yi aiki a gida, ranar da esi ya kama a ɗakin tiyata murna muke yi, majiyyaci ya yi sanyi mu ce ya huta. Na ce a raina, a ƙasar da mutum ke narkewa a tsaye, wane sanyi ne zai kashe wani? Digiri ɗaya zai sauka, Madam ta gani, ta san Julden nata ma yana mantuwa. Shi ke nan. Ni da na haddace babin kaf, na san ƙarya nake yi.

Awar farko zafin jikinta ya sauka daga talatin da shida da rabi zuwa talatin da biyar da rabi. Wannan ba abin mamaki ba ne, maganin barci yana buɗe jijiyoyin fata, ɗumin ciki ya watsu waje. Julde ya ƙara mata mayafi. Sai jini ya ɓalle. Aka ce a kawo ruwa, a kawo jini. Ni na riƙa miƙo ledojin, wasu daga firji aka fito da su, sanyinsu har cikin yatsuna, Julde yana ratayawa yana matsawa, shi a zatonsa ta cikin ɗumi suke wucewa. Na rubuta talatin da biyar. Na rubuta talatin da huɗu da rabi. Rubutuna bai ko karkace ba.

Julde ya roƙi a rage esi, likitan fiɗa ya ce gumi zai zuba masa a ido. Can likitan ya ɗago ya ce jinin nan ba ya daskarewa, ko'ina tsatsafa yake. Sanyi yana hana jini kamawa, wannan ma yana cikin babin. Na ga Julde ya tsaya cak, sannan ya bi layin ruwan da yatsunsa tun daga leda har hannun tsohuwar. Da ya taɓa wurin da ya kamata ya ji ɗumi, ya juyo akwatin, ya durƙusa ya mayar da filogin. Daidai nan Madam ta shigo daga ɗaya ɗakin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya tun yaushe.

"Ban sani ba, Madam," in ji Julde. "Na duba da safe. Bayan an matsar da sandar ban sake dubawa ba. Ni ne mai sa hannu."

An gama aikin, amma tsohuwar ta ƙi farkawa a kan lokaci, don jiki mai sanyi ba ya saurin fitar da magani. Da ta fara farfaɗowa sai rawar sanyi ta kama ta har gadon na girgiza, zuciyarta ta rikice, aka mayar da ita kan injin numfashi. Kwana huɗu ta yi a ɗakin masu tsananin ciwo. Ta rayu, amma da ƙyar.

A kwanakin nan na riƙa zuwa ina tsayawa a bakin ƙofa. 'Yarta, wata mata mai goyo da ke kwana a baranda, ta ɗauka tausayi ne ke kawo ni. Rana ta uku ta ɓare ayaba ta miƙo mini, ta haɗa tafukan hannunta ta sunkuyar da kai. Na karɓa. Na kasa ci, na kasa yarwa, na riƙe ta har ta yi baƙi a hannuna.

Madam ta ba ni gurbin. Ta ce Julde yana da hannu, amma jariri ba ya jure mantuwar minti goma. Abokan aji suka taya ni murna. Na kira gida, Inna ta yi guɗa a waya. Fifikon da na yi shekara ina nema ya zo, na jira daɗin ya sauko, bai sauko ba.

Ranar da Julde zai tafi, Iya ta ƙunsa masa kayan yaji tana share ido. Na ɗaukar masa akwati zuwa bakin titi. Muna jiran keke-napep ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam Nasiru, ran nan da bironka ya faɗi, ka daɗe a sunkuye."

Na ajiye akwatin a ƙasa.

"A lokacin ban kawo komai ba. Sai daga baya ina kwance na tuna." Ya gyara hularsa. "Laifina dai laifina ne, ni ya kamata in duba. Naka kuwa ba ni zan faɗa ba. Amma yaran da za ka je wajensu ba su san ni ba, ba su san ka ba. Ka tsaya musu da gaskiya."

Ya miƙo hannu muka yi musafaha, ya ce in ya isa zai je ya gaishe da su Baba. Na tsaya ina kallon keken har ya sha kwana. Ko a wannan lokacin, Allah ya sani, hassadarsa nake yi. An mayar da shi gida da tabo a takarda, amma tafiya yake yi da sauƙin jiki, ni da aka zaɓa kuwa ƙafata ta yi nauyin hawa bene.

Na yi wata shidan. Sau da yawa na tsaya a ƙofar ofishin Madam da niyyar in faɗa mata, sai in tambaye ta wani abu daban in fito. Na dawo da takardar, aka kai ni babban asibiti a Kano. Julde yana wani ƙaramin asibiti a yankin Doguwa. Na ji an ce da ya rasa akwatin ɗumama ruwa, a cikin kula mai ruwan ɗumi yake jera ledojin da ma'aunin zafi a ciki, kuma mutane daga Burumburum suna tsallake asibitoci biyu su je wajensa. Da aka ba ni labarin na ce ai wannan ba ƙa'ida ba ce. Matata ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe.

Bara ciwon ƙaba ya murɗe wa mahaifina, aka ce sai an yi masa aiki da gaggawa a asibitin da ke kusa da gida. Ba a barin mutum ya sa wa mahaifinsa barci. Likitan ya ce tunda ni ɗan gida ne a aikin, in zaɓi wanda nake so ya tsaya. Ina da lambobin manya a Kano, waɗanda muke aiki tare, masu takardu irin tawa. Na yi ta bin sunayen a waya ina wucewa. Kowanne na tsaya a kansa sai in tambayi kaina abin da zai yi idan ya sunkuya babu mai ganinsa, kuma ba ni da amsa, don ni ma da an tambayi mutane shaida mai kyau za su ba ni.

Na kira Julde. Tun rabuwarmu a bakin titin nan ban kira shi ba. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Baba ne? Ga ni nan." Ya hau babur ya taho, ya iso wandonsa duk taɓo.

Ya durƙusa a gaban gadon ya gaishe da Baba, ya fita wanke hannu. Baba ya bi shi da kallo, sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa saboda ciwo.

"Nasiru, ba wannan ne aka ce an maido gida aka riƙe ka ba?"

"Shi ne, Baba."

"To ina abokan aikinka na birni?"

"Suna nan," na ce. "Shi nake so ya tsaya a kanka."

Baba ya daɗe yana dubana, irin duban da yake yi mini ina yaro idan na dawo daga aike da labari rabi. Aka turo gadon, Julde ya karɓe shi daga hannuna a bakin ƙofa, ni kuma na koma baranda na zauna cikin masu jira.